Na Ga Jininka da Idona, Sirajo

Zuwa ga Yaya Sirajo, sanyin idona, ruwan farkon damina, inuwar da na zaɓa a duk faɗin ƙasar Kebbe,

Sallama gare ka, amma ka sani da fushi na ɗauki alƙalamin nan, wallahi!

Ka tuna ranar Litinin da ka shigo ɗakin gwajin jininmu a nan Tambuwal, jikinka rau da zafi, kana ta dariya? Ka miƙo yatsa na soke, zuciyata ta yi tsalle don na riƙe hannunka. Da na leƙa madubin gwajin jini kuwa sai ta tsinke. Ƙwayoyin zazzaɓin cizon sauro ne cunkus cikin jajayen ƙwayoyin jininka, suna ci suna fasa su.

Yau kuma Innarka ta aiko mini cewa kwana ɗaya ka sha maganin ka ajiye, wai kai ɗan fadama ne, jininka ya saba. Gidan sauron da na ba ka kuma ka kai lambu ka lulluɓe irin albasa. Albasa, Yaya! Ita ce za ta aure ni bayan Sallah?

Haba, wane sabo? Gaskiya ne, zazzaɓin da ka sha tun kana goye ya koya wa jininka tare ƙwayar cutar kafin ta kutsa cikin jajayen ƙwayoyinsa. To amma garkuwar nan ba gadon gona ba ce. Sai cizon sauro yana maimaituwa take ɗorewa, kai kuwa shekara bakwai kana aikin birkila a Aljeriya, inda wanga ciwo bai neme ka ba. Ta yi rauni, masoyina. Ka manta ƙanenka Namadi da bai kai ga samunta ba, aka binne shi yana shekara uku?

Ina sonka, son da ya hana ni cin tuwo da daɗi. Don Allah ka shanye sauran maganin nan. Ka kwaso gidan sauron daga lambu, in ya yage ni zan ɗinke.

Shekara bakwai na jira ka ban gaji ba, don na san akwai motar da za ta sauke ka a tashar Tambuwal. Inda taurin kanka yake jan ka yanzu, babu motar dawowa.

Taka, mai fushi da kai, wadda ba za ta taɓa zama ta wani ba,
Hamdiya