Amaryata ta ce ni tsoho ne

Zuwa ga ɗana Musa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Yaya sanyin Sipaniya, yaya aikin gona? Mu nan Zango lafiya lau, ƙafar mahaifiyarka ma ta yi sauƙi.

Na ji saƙon ban haƙurin da ka turo, kuma ban karɓa ba, don jikata Hadiza ba ta yi laifi ba. Tun da na ga ba ta jin Hausa na ke zama wurin maƙwabcinmu, malamin Sipaniyanci a lise, wato makarantar sakandare, yana koya mini. Kullum bayan la'asar sai ya sa ni maimaita "na gan ta, ina ganin ta, zan gan ta" har bakina ya gaji. Duk don in yi wasan jika da ita ne, ba tare da ka tsaya a tsakani kana fassara ba.

Ran Juma'a da na ce mata a waya da Sipaniyanci, "Ke amaryata ce, zan zo in ɗauke ki," ni na haɗa maganar da kaina. Da ta ce, "Ba na son ka, kai tsoho ne, ba ka da haƙora," na gane kowace kalma. Haka jika ke amsa wa kakanta a nan Damagaram, kuma ba wanda ya koya mata. Kada ka tsawata mata.

Ku sa mu a addu'a, ka gaishe da uwarta. Ka ce wa amaryata ta shirya, ina koyon ramuwa.

Mahaifinka