Allurar Babur Ɗina Tana Ƙarya, Ni Kuma Na Sani

Malam Abdoulaziz, assalamu alaikum. Cikin jimami nake sanar da kai da masu karanta wannan fili rasuwar kaptar ɗin babur ɗina, wanda ya cika bara a kan hanyar Djougou bayan shekara goma sha ɗaya yana aiki ba hutu. Ga wanda bai san mamacin ba, ɗan ƙaramin abu ne a jikin tayar gaba, shi ke ƙirga juyinta ya gaya wa allurar kontar, wato agogon gudu, irin gudun da ake yi. Ba ta'aziyya nake nema ba, agaji nake nema, don magajinsa ya sa ni a tsaka mai wuya.

Ina da shagon maganin dabbobi a Zongo, nan Parakou. Maiɗakina Fatchima 'yar Sérou ce, kusa da Djougou, kuma duk wata sai na kai ta gaida tsohuwarta. Tun da na sayi babur ɗin nan take leƙen allura ta kan kafaɗata. Da ta wuce sittin sai mintsini a haƙarƙari, ba magana. Ƙaninta ya rasu a haɗari a kan kwalta, don haka ban taɓa yi mata gardama ba, sai dai a zuci.

Da kaptar ya mutu na kai wa Soumaïla, bakanike a wajen Gare, wato tasha. Ya ce irin na wannan tsohon babur ya yi wuya, ya sa mini na wani babur daban, allura ta motsa, na gode masa. Tafiyarmu ta farko muka iso Djougou cikin awa biyu ba kwata, alhali da sai mun yi biyu da kwata, kuma allura ba ta wuce sittin ba. Na gwada da wayata ni kaɗai: in allura ta ce sittin, tamanin nake yi. Malam, na yi shiru. Wata tara ke nan haƙarƙarina yana hutawa. Fatchima har ta gaya wa danginta na natsu, addu'arta ce ta ci. Saurin isowar kuwa na ɗora wa gyaran hanya, ta yarda.

To, 'yarmu Zouéra ta samu wurin koyon aikin jinya a Djougou, za ta riƙa tafiya Litinin ta dawo Juma'a, kuma na riga na yi mata alkawarin babur ɗin. Uwarta ta sa ta rantse ba za ta wuce sittin ba. Yarinyar mai cika alkawari ce, za ta tsaya a kan sittin cif. Sauran mako biyu. Gyara zan yi, wannan ba shakka. Abin da ya dame ni, in gyara a ɓoye a rufe maganar, ko in faɗa wa matar da ta yabe ni a gaban uwarta cewa wata tara ina gudu da ita a bayana?

Daga mai tsohon babur, Zongo

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya jiƙan kaptar, ya yi aikinsa da gaskiya, abin da ba za a ce da magajinsa ba, ko da mai gidansa.

Mu fara da ƙarfe, shi ya fi sauƙi. Makullin babur ya zauna a aljihunka har a gama gyara, ko kasuwa kada Zouéra ta je da shi. Ka koma wa Soumaïla ba tare da faɗa ba, abin da ya samu ya sa maka, kuma kai ka ga aibin ka ɓoye masa. Ku nemi kaptar da ya dace da irin babur ɗin da girman tayarsa, ko na hannu ne, ko sai an aiko daga Cotonou. A duba wayar da ta hau zuwa kontar, don tsohon babur bai cika yin ciwo ɗaya ba. In an sa, ka gwada da wayarka a hanyar da ba cunkoso. In ba a samu ba cikin mako biyu, yarinya ta shiga taksi.

Ina jin uzurinka. Babba da kai, a riƙa mintsininka a kan hanya shekara goma sha ɗaya, ba daɗi, kuma ba kai ka shirya ƙaryar ba, tsintarta ka yi. Amma ka riƙe ta wata tara, kana ɗauke da matar da ta binne ƙaninta saboda gudu.

Ga abin da ya sa gyaran ɓoye ba zai yi ba. A gidanka yanzu kowa ya san Parakou zuwa Djougou awa biyu ba kwata ce a kan sittin. Ko ka gyara allura, wannan lissafin yana nan a kan Fatchima da 'yarta. Ranar Juma'a lokaci zai cika Zouéra ba ta iso ba, uwa za ta fara kiran waya, yarinya za ta ga kamar ita ce mai nawa, ta ƙara wuta don ta kamo lokacin babanta. Bakanike ba ya gyara wannan, sai bakinka.

Ka faɗa wa Fatchima ita kaɗai, ba da wasa ba, kada kuma ka laɓe bayan Soumaïla. Za ta yi fushi, ta yiwu ta daɗe, kuma tana da gaskiya. Ka bar mata zaɓin abin da za ta gaya wa danginta na Sérou. Sannan ku biyu ku zaunar da Zouéra ku gaya mata tafiyar awa biyu da kwata ce ko fiye, kuma ba mai jiranta da agogo.

Allah Ya tsare Zouéra a hanya, Ya ba ta sa'ar aikinta, Ya sanyaya zuciyar uwarta.

Sai abu ɗaya. Amsar da na fara rubuta maka cewa na yi ka gyara ka yi shiru, zaman lafiyar gida ya fi. Ta kwana uku a kan teburina, ina ganin na yi hikima. Ban yi ba, kuskure na yi, na yaga ta.

Malam Abdoulaziz