Murfin Injin Motata da Ranar Kai Sa'adatu

Zuwa ga Shugaban Ƙungiyar Kanikawa na cikin garin Bauchi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da duk jama'ar da ke ƙarƙashinka, masu gyaran fetur da masu gyaran dizal, masu waya da masu walda. Allah Ya ƙara wa sana'a albarka.

Sunana Malam Sale, ma'aikacin ofis ne ni, ina zaune a Gwallameji. Idan ba ka san ni ba, to ka san motata. Ita ce baƙar motar dizal ɗin nan da in ta tashi a ƙofar gidana ake jin ta a Yelwa. Na zo ofishinka ban same ka ba, aka ce ka tafi taro, na sake komawa aka ce taron bai tashi ba. Shi ya sa na kawo kukana bainar jama'a, tun da dai motar ma ba a ɓoye take tafiya ba.

Ga abin da ya sa nake gaggawa. Ranar Asabar mai zuwa za a kai Sa'adatu ɗakin mijinta. 'Yar ƙanena ce, marigayi Idi, a hannuna ta girma tun tana rarrafe, ba ta san wani uba ba sai ni. Na san al'ada, abokan ango ne ke kawo motoci su ɗauki amarya. Amma ni tun ranar da muka rufe Idi na yi wa kaina alkawari: duk ranar da yarinyar nan za ta bar gidana, ni zan kai ta da hannuna, a motata. To yanzu ana neman a hana ni, kuma ba wani abu ya jawo ba illa murfin roba guda ɗaya da mutanenka suka kasa yanke hukunci a kansa.

Na farko. A bazarar da ta wuce allurar zafi ta fara hawa duk lokacin da na shiga cunkoso. Na kai motar wurin Ɗanjuma, mai gyaran dizal a bakin hanyar Dass, ɗan ƙungiyarka ne, har takardar shaida ya rataye a jikin bishiya. Ya buɗe bonet, ya ƙwanƙwasa baƙin murfin da ke kan injin, ya girgiza kai kamar wanda aka yi wa rasuwa. Ya ce Turawa ne suka lulluɓa mata bargo saboda ƙanƙarar ƙasarsu. Ya tambaye ni ko ni zan iya sa rigar sanyi a tsakiyar bazarar Bauchi. Na dubi guminsa, na dubi nawa, na ce wallahi a'a. Nan take ya fincike murfin ya jefa gefe, ya ce yanzu motar za ta sha iska. Ranka ya daɗe, har godiya na yi masa. Ban ma tambayi murfin ba, na bar shi a can kamar wanda ya rabu da ƙaya.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Da yamma na je majalisarmu na zauna na miƙe ƙafa, na yi wa mutane lacca a kan kuskuren Turawa, kamar ni na ƙera injin. Ni da ban san inda ake zuba ruwan birki ba! Har wani maƙwabcina ya tashi ya je ya duba tasa motar, Allah Ya taimake shi bai sami yadda ake cirewa ba.

Na biyu. Ɗanjuma bai gaya mini cewa a ƙarƙashin murfin nan akwai soso mai kauri, kuma shi ne yake danne ƙarar injin ba. Washegari da na tayar da ita zan tafi aiki, sai da kajin gidana suka watse. Lokacin an ɗauke mana wuta, to kafin ta gama ɗumi, sai ga sallama a ƙofa: maƙwabta sun turo wayoyinsu a sa musu caji, wai sun ji Malam ya sayi janareta, Allah Ya sanya alheri. Wata dattijuwa a bayan layinmu kuwa jiƙaƙƙen geron kokonta ta ɗauko, tana tambaya wane gida ne aka kawo injin markaɗe. Na yi ta rantsuwa mota ce, aka yi ta kallona kamar mai rowa. Kuma abin takaici, allurar zafin nan tana nan inda take, ko ɗar ba ta yi ba.

Na uku. Da na ga haka sai na kai motar wurin Oga Friday, can wajen barikin Shadawanka, shi ma ɗan ƙungiyarka. Ya wanke lagireto, wato ma'ajiyar ruwan da ke sanyaya inji, ya fitar da laka kamar wanda ya yashe rijiya, zafi ya sauka. Sai dai da ya ga kan injin a buɗe ya ɗora hannu a ka, ya ce da Hausarsa, "Wane ne ya yi wannan? Mota yana tafiya tsirara!" Ya ce ƙura za ta zauna a kan nozul mai fesa wa inji mai, masu wankin mota za su feshe wayoyi da ruwa, kuma wanda ya ƙera motar ba mahaukaci ba ne da zai ɓata roba a banza. Na ce ai ni ma haka na gani tun farko. Ka ji ni fa.

Na koma wurin Ɗanjuma na kai masa wannan magana. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce soson nan mai yake sha, ɓera yake kwana a ciki ya ci waya, kuma in nozul ya fara yoyo ba za ka gani ba sai ya gama yi maka ɓarna. Ya ce ya cire wa motoci ba adadi, ba wadda ta mutu. Na ce gaskiya ne, ai ni ma haka na ce. Ranka ya daɗe, halina ke nan, ba na ɓoyewa: duk bakaniken da na tsaya a gabansa, shi ne mai gaskiya har sai na bar garejinsa. Na yi ta safa da marwa tsakanin hanyar Dass da Shadawanka, kowa yana rantsuwa, ni kuwa ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Na huɗu, kuma nan ne abin ya taɓa zuciyata. Da biki ya matso, mata suka yi zamansu a tsakar gida, ina ɗaki ina jin su. Matata, Hajiya Asabe, ita ta buɗe taro. Ta ce ba za a kai mata 'ya gidan surukai a injin markaɗe ba, dangin miji su fito da kwanukan hatsi. Aka kwashe da dariya har da tafawa. Aka yanke cewa yayanta, Alhaji na GRA, zai aiko da motarsa mai sanyi, wadda ko tana tafiya ba ka sanin a kunne take ba. Wallahi abin ya yi mini ciwo. Ba na jin haushin Alhaji, mutumin kirki ne. Amma ba shi ya goya yarinyar nan zuwa asibiti tana ƙyanda ba, ba shi ya yi ta tsayawa a ƙofar makaranta da rana yana jiran ta fito ba.

Da safe na garzaya wurin Ɗanjuma in karɓi kayana. Na same shi, ranka ya daɗe, na sami murfina. An kifa shi ya zama tasa, cike da fetur da baƙin mai, ana wanke noti a ciki. Soson kuwa an ɓamɓare, wai da shi ake goge hannu har ya ƙare. Na ce a zubar a ba ni. Ɗanjuma ya ce duk garejin ba su da tasar da ta kai ta daɗin aiki, in yi haƙuri sai ya sami madadi, kuma ai ni na bar ta da kaina har da godiya. Wannan kam ban iya musawa ba. Oga Friday ya ce zai sa a nemo mini wani a Jos, amma ba zai iso ba sai bayan biki.

Na biyar, ba laifin kowa ba ne sai nawa, amma zan faɗa don ka san inda rashin hukuncinku yake kai mutum. Na ce tun da soso ne, ai akwai soso a gida. Na shiga ɗakin baƙi na yanki katifa daidai faɗin inji, na ɗaure da waya, na rufe bonet. Kai, ka ji yadda ta yi laushi! Na fita gari ina ɗaga wa mutane hannu. Ina isa Wunti sai na ji wari, sai hayaƙi, sai ihun "Wuta! Wuta!" Masu keke napep suka yi ca a kaina, wannan ya watsa ruwan leda, wancan ya watsa ƙasa, wani mai shayi ya juye mini butarsa a kan inji da takalmi. Allah Ya tsare, katifar ce kawai ta tafi. Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Da na koma gida kuma na tarar Hajiya ta shiga shimfiɗa wa gwaggonnin amarya da za su zo daga ƙauye, ta ga katifa da taga a tsakiya. Abin da ta faɗa mini ba zai shiga takarda ba.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ka tara manyan ƙungiyarka, masu furfura a sana'a, ku zauna ku fitar mana da magana ɗaya: murfin injin dizal a ƙasar nan tamu, a cire ko a bari? In a cire ne, a riƙa gaya wa mai mota tun kafin a taɓa cewa daga ranar ya yi sallama da sirri, duk inda ya je an san ya je. In a bari ne, a gaya wa su Ɗanjuma su daina yi wa motocin mutane tsirara. Mu masu mota ba mu san komai ba, amana muke kawo muku, wanda ya fi ƙarfin murya shi muke bi.

Sannan ka sa doka, duk abin da aka cire a jikin mota a sa wa mai ita a but, ko da shi ya ce ba ya so. Wawa irina yakan dawo.

Roƙo na ƙarshe shi ne a dawo mini da murfina, a wanke, a liƙa masa soso irin nasa, ba na katifa ba. Da na fara rubuta wasiƙar nan niyyata in ce lallai kafin Asabar, ko in kai ƙara duk inda ake kaiwa. Amma na ajiye alƙalami na kwana, kuma wani abu ya faru a tsakani.

Jiya Hajiya ta kira Sa'adatu ta yi mata albishir da motar Alhaji. Yarinyar nan da ko ido ba ta haɗawa da mu tun da aka sa rana, ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, ku yi haƙuri. Ni Baba ne zai kai ni, ko a baro ne." Mata suka yi ta lallashi, aka kawo maganar surukai, aka kawo maganar kunya, ta ce ita dai ta faɗa. Daga ƙarshe Hajiya ta watsa hannu ta ce su je can su ƙarata, ita da Baban nata, dama halinsu ɗaya.

Ina ɗaki na ji. Na ɗauki makulli na fita, na ce zan je in duba hanyar gidan angon saboda ramuka. Ban yi nisa ba na dubi madubi, na ga kujerar baya inda za ta zauna, na tuna Idi bai ga wannan rana ba, na tuna daga Asabar ba mai kawo mini ruwan alwala yana tsokanata da furfura. Ranka ya daɗe, sai ga ƙato da gemu yana kuka a kan sitiyari, ba hawaye kawai ba, kuka mai sauti, irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifiyata. Muna tsaye a cunkoso, gilashina a sauke, mai keke yana dab da ni da fasinjoji cike. Ko mutum ɗaya bai waiwayo ba. Injin ya rufa mini asiri.

Ranar Asabar gwaggonninta biyu za su zauna da ita a baya, kuma ka san bakin gwaggonni. Amarya ce aka sani da kuka a hanya, ba direba ba. Don haka ka gaya wa Ɗanjuma ya ci gaba da wanke notinsa a hankali, kada ya yi gaggawa. Ya kawo mini murfin ranar Lahadi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da adalci, Ya haɗa kan jama'arka, Ya tsare hannayenku daga ƙarfe da wuta. Ni kuma a taya ni da addu'a, Allah Ya sa in ga hanya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Malam Sale, Gwallameji, Bauchi.