Sau Ɗaya Ta Kira Sunana, Kuma Yana Cikin Wayar

Assalamu alaikum Anti Mashkura. Don girman Allah ki taimake ni da shawara. Duk wanda na faɗa wa damuwata sai ya ce ai waya ce kawai ta lalace, ni kuwa tun da abin ya faru ko abinci ba ya min daɗi.

Ni matar aure ce a Bagudo, 'ya'yana uku. Mahaifiyata daga Dandawan tsallaken iyaka take, wani ƙauye kusa da Madikali a ƙasar Benin. Bayan rasuwar babanmu ta koma can ta zauna da ƙanwarta, Inna Fatimata. Ita mahaifiyar tawa, da muke kira Inna, ba ta da waya, ba ta ma son riƙe ta, amma duk Juma'a sai ta ari ta ƙanwarta ta turo min saƙon murya ta WhatsApp. Rabi Hausa, rabi Dandanci. Ta ba ni labarin shinkafar fadama, da wadda ta haihu, da akuyar da ta ci mata kuɓewa, sannan ta rufe da addu'a.

Anti, ni ce 'yar fari. Kin san yadda abin yake a wurinmu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" nake, ko "yarinyar nan", da na haihu kuma na zama uwar Sufyan. Ban taɓa jin haushi ba, haka na ga ana yi. Amma a ciwonta na ƙarshe, bara da damina, ta turo saƙo muryarta duk ta dushe. Ta gaishe ni, har na zaci ta gama, sai kawai ta kira sunana, na yanka, cikakke, ta ce Allah ya yi min albarka. Daga shi ba ta sake turo wani ba. Lokacin da na isa ƙauyen ba ta magana.

Wannan saƙon shi nake ji idan zuciyata ta yi nauyi. Ba kullum ba, don ba kullum nake iyawa ba.

Wayar a kasuwar Malanbil ta ƙasar Benin aka sayo min ita. Ta daɗe tana nuna wani rubutu wai a sabunta ta, abin nan da ake ce wa abdet, ni kuma ina sharewa. Ranar nan maigidana, Malam Haliru, ya ɗauka zai kira wani, ya ga rubutun, ya danna ba tare da ya tambaye ni ba. Ta ɗauki lokaci tana juyi, da ta dawo sai ga komai ya koma Faransanci. Tana zafi kamar an ɗauko ta daga murhu, caji ba ya zama, WhatsApp kuwa da na taɓa sai ya buɗe ya rufe kansa.

Na kai ta wurin mai gyara a kasuwa. Ya jujjuya ta ya ce sai an yi mata filashin. Ni filashin da na sani shi ne ka kira mutum ka katse kafin ya ɗaga, don haka na ce to a yi mana. Ina tsaye ina jira, sai ya ce in tafi in dawo gobe. Na ce filashin ɗin ne zai kai gobe? Sai ya yi dariya, ya ce ai wanke ta zai yi tas, ta dawo kamar yau aka ciro ta daga kwali. Na tambaye shi saƙonnin fa, ya ce duk za su tafi. Anti, ban san lokacin da na fizge wayar daga hannunsa ba. Na kamo hanyar gida da abata.

Yanzu tana cikin akwatina, na naɗe ta da ɗankwalin Inna. Tsoron kunna ta nake yi, tsoron barin ta nake yi.

Abin da ya ƙara dagula min rai shi ne maigidan. Ya ba ni haƙuri sau ɗaya, da ya ga na ƙi sakin fuska sai ya ce wadda ta rasu addu'a take buƙata, ba a zauna ana kuka a kan waya ba. Na san gaskiya ce, amma ta yi min ciwo, don shi ya danna. Tun ranar daga gaisuwa sai ajiye abinci. Ƙauyen ma ban sake takawa ba tun sadakar arba'in, Inna Fatimata tana ta aike in zo, na kasa, don ban san yadda zan kalli ɗakin nan babu ita ba.

In bar wayar haka har ta mutu? In yarda a taɓa ta? Kuma laifi ne in riƙe muryar uwata haka?

'Yar Fari, daga Bagudo

*

Wa'alaikumus salam 'yar'uwata. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Ba laifi ba ne, kuma ba waya kike yi wa kuka ba. Tambayar nan da kika yi wa mai gyara kafin ki tafi ita ta cece ki.

Mu fara da wayar. Kada ki yarda a yi mata filashin, ko a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, ko a goge WhatsApp a sake saukewa, komai daɗin bakin mai faɗa. Waya takan yi zafi ta riƙa sanƙarewa bayan abdet, musamman idan cikinta ya cika, amma hakan ba ya nufin saƙonnin sun ɓace. Tun da tana kunnuwa, akwai kyakkyawan zaton suna nan a ma'ajiyarta ko da manhajar ta ƙi buɗewa. Ki ciro ta daga akwati ki cika mata caji. Ki nemi mai gyara da ke da kwamfuta, ki ce masa ba gyara kika zo ba tukuna, saƙonnin murya kike so ya kwafe miki. Ki zauna kusa da shi har ki ji muryar da kunnenki daga kwamfutar. A sa miki a katin memori, a kuma tura wa wani na jikinki. Bayan nan sai a yi maganar gyara. Faransancin kuwa ƙaramin abu ne, ana mayar da harshe ba tare da an rasa komai ba, kuma a yankinku masu karanta shi ba sa wuyar samu.

Sai maigida. Ya yi kuskure da ya danna ba izininki, kuma maganarsa ta zo a lokacin da ba ta dace ba. Amma ba mugunta ya nufa ba, kowa yana danna wannan abin. A wasiƙarki ban ga inda kika ce ya san abin da ke cikin saƙon ba. Ina zaton a ganinsa gaisuwar Juma'a ce irin sauran. Ki zaunar da shi ki faɗa masa. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, ya san nauyin uwa ta kira sunan ɗan fari. Ki ce ya raka ki wurin mai kwamfutar, ki ba shi damar gyara abin da ya ɓata. Addu'a da sauraron muryarta kuma ba sa karo da juna.

Akwai abin da kika rubuta kika wuce ba ki lura ba. Da wayar Inna Fatimata aka turo saƙon. Saƙo yakan zauna a wurin mai turawa kamar yadda yake zama a wurin mai karɓa, in dai ba a goge ba. Ki kira ta yau ki roƙe ta kada kowa ya taɓa komai a wayarta. Sannan ki shirya ki tsallaka, ki tafi da Sufyan da ƙannensa. Ɗakin zai yi miki nauyi, ban ce ba zai yi ba. Amma matar da ke ta aike ki zo, mai yiwuwa tana zaune a gefen shimfiɗar lokacin da 'yar'uwarta ta ajiye kunyar shekaru ta kira ki.

Idan kuma Allah ya ƙaddara an rasa a duka wayoyin biyu, ki sani abin da aka rasa kwafi ne. Ta riga ta faɗa, kin riga kin ji, babu mai gyaran da zai iya wanke wannan.

Allah ya dawo miki da muryar, ya daidaita tsakaninki da Malam Haliru, ya tabbatar miki da albarkar da ta sa miki da sunanki.

Anti Mashkura