Murfin Tukunya da Cokali

Ibri, farkon Yuni

Zuwa ga ƙanena Hilal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Nasra da yara, da aiki, da zafin Maskat. Mu nan lafiya, in ban da hannuna na hagu da ya kumbura.

Na zaɓi in rubuto ne saboda in na kira ka ihu zan yi, kai kuma ka kife wayar a tebur ka ci gaba da shan shayinka. Takarda ba ta kifuwa haka da sauƙi.

Ga yadda abin ya faru, ba yadda ka ji a bakin maƙwabta ba. Ranar Asabar Baba ya ɗaura karafan, ɗakin kwanan nan da ake ja da mota, a bayan motarsa, ya kai shi wanki, wai yana shirin tafiya Salala kafin yayyafin harif, daminar can, ya kankama. Da ya dawo zai mayar da shi cikin gida da baya-baya, sai na tsaya a bayan don in duba masa. Na ɗaga hannu, bai tsaya ba. Na yi ihu har maƙogwarona ya yi zafi, bai tsaya ba. Na yi tsalle gefe na faɗi a kan hannuna, ɗakin nan mai taya ya bi ta kan bishiyar lemun tsamin da Mama ta shuka, ya je ya manne da katanga daidai inda nake tsaye. Da ban yi tsallen ba, da yanzu zaman makokina kake yi, kana lissafin wa zai gaji littattafaina.

Saboda haka kada ka ce ban san hatsarin ba. Ni na ji iskarsa a bayana. Na yarda mutumin da ya doshi tamanin, wanda wuyansa ba ya juyawa, bai kamata ya ja gida sukutum a hanyar hamada ta kusan kilomita dubu ba, balle ya gangara dutsen Salala cikin hazo. Ba rayuwarsa kaɗai ba ce, akwai 'ya'yan mutane a hanyar.

Amma Nasra ta gaya mini shirinka, kuma kada ka yi mata faɗa, ta fi ka hankali. Wai ka samo mai saye, za ku zo ranar Juma'a Baba yana masallaci, ku ja karafan ku tafi, ya dawo ya tarar da filin Allah. Hilal, sunan wannan abu sata, ko da kai ne ɗa namiji. Ni aka fara haifa, amma har Mama ta koma ga Allah “Uwar Hilal” ake kiranta, ban taɓa yin ƙorafi ba. To, ka ci sunan da kyau. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan tankar ruwa zuwa rijiyoyin mai don mu yi karatu, ba a yi masa kwance yana sujada.

Ka taɓa shiga karafan ɗin tun rasuwar Mama? Silifas ɗinta na nan a bakin ƙofa. Baba ya wanke labulayen da hannunsa, ya mayar da su a karkace. Wannan ne harif na farko da babu ita, kuma ban ga abin da yake tashi dominsa da safe ba in ba shirin tafiyar nan ba.

Tun ranar Asabar bai ce mini uffan ba. Yana kallon hannuna ya kau da kai. Ni ma fushi nake da shi, kai ma fushi nake da kai, har Mama ina jin haushinta da ta tafi ta bar mini ku biyu. Ka ba ni lokaci. In ka zo ranar Juma'a da mutumin nan, za ka same ni zaune a kan ƙugiyar karafan, sai dai ku ja har da ni.

Ka gaida Nasra, ka shafa mini kan yara.

Yayarka,
Zuwaina

Ibri, tsakiyar Yuli

Ƙanena Hilal,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kuma tarin ƙaramarku ya lafa. Na gode da ba ka zo ba. Na san ba tsorona ka ji ba, amma bari in ɗauka haka, yana yi mini daɗi.

Baba ya yi magana. Wata safiya na kai masa gahawa da dabino, ya riƙe ɗan kofin bai sha ba, ya ce, “Zuwaina, ban ji cokali ba.”

Na ce, “Wane cokali kuma, Baba? Ihu na yi, har akuyoyin maƙwabta sun amsa.”

Ya ce, “Muryar mutum ba ta isa kunnena in injin na aiki. Ƙarfe nake ji.”

Ashe tun bayan da muka daina bin su Salala wuyansa ya fara ƙagewa, kunnensa ya yi nauyi, madubin gefe kuma ya koma masa kamar kallo ta cikin ruwa. Bai gaya wa kowa ba sai Mama. Ita ce ta fito da dabara. Duk inda za su ajiye karafan, sai ta sauka da murfin tukunyar shinkafa da cokali, ta tsaya a baya. In ta yi shiru, ya ci gaba da tahowa. In ta buga, ya taka birki. A hanya ma ita ke karanta masa alluna, ta ce masa ga raƙumi can, ga babbar mota na son wucewa. Shekara da shekaru mutum biyu ke tuƙa motar nan, mu muna nan muna yabon Baba wai tsufa bai taɓa shi ba.

Ranar Asabar ɗin, in ji shi, ya san ba ta nan. Shi da kansa ya sa ta a kabari, yaya zai manta? Amma da ya sa giyar baya, ƙafarsa ta manta. Ya ji shiru, shiru kuwa a wajensa “taho” yake nufi.

Hilal, na shiga ɗakin girki na yi kuka a kan buhun shinkafa. Da na fito na ce masa ba zai sake jan karafan ba, ko zai tsine mini. Ya ce, “To, ke da ɗan'uwanki ku sayar, ku huta.” Na ce ba a sayarwa, kuma Salala za mu, ni zan ja. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, “Ke? Ke da kika kankare ƙofar makarantarku da motar da ba ta fi akwatin ashana ba?” Na ce ƙofar ce ta matso. Sai ya fashe da dariya. Rabon da in ji dariyarsa tun kafin azumi.

Yanzu kullum bayan la'asar muna filin bayan kasuwar awaki. Ban taɓa sanin akwai abu mai taurin kai irin karafan ba. Ka juya dama ya tafi hagu, ka lallashe shi ya naɗe kamar wuƙar aljihu. Baba ya ce in riƙe sitiyari daga ƙasa, inda hannuna ya nufa can gindin zai nufa. Yana zaune a gefena yana taka birkin da babu shi, yana cewa, “A hankali, Malama, ba jarrabawa kike makawa ba!” Ni kuma in ce, “Baba, in ka sake kama mini sitiyari zan sauke ka ka dawo da ƙafa.” Masu awaki sun mayar da mu abin kallo, har da masu kawo tabarma.

Na kai shi wajen likitan ido da na kunne, da saninsa, ba a ɓoye ba. An ce ƙaramar motarsa zuwa masallaci da kasuwa da rana babu laifi a yanzu, a sake dubawa bayan wata shida. Jan karafan da doguwar hanya kuwa sun ƙare. Ya saurara bai yi musu ba, amma a hanyar gida ya ce likitan yaro ne, gemunsa ma bai haɗe ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma shi ke damuna. Makullin babbar motar har yanzu yana aljihunsa. Shi ke miƙo mini in za mu fita, shi ke karɓa in mun dawo. Ban san abin da zai yi ranar tafiya ba. In ya zauna a kujerar direba, ba zan iya ɗaga shi ba, kuma ba zan shiga ba. Ka yi mana addu'a, kuma kada ka kira shi kana ba shi shawara, ka san yadda shawararka ke ƙarewa.

Gaisuwa ga kowa da kowa.

Yayarka,
Zuwaina

Salala, Agusta

Hilal ɗan'uwana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku daga cikin yayyafi, da fatan kuna lafiya. Mun iso lafiya, mu da karafan, babu abin da ya kankaru sai haƙurina.

Ranar tafiya na fito na same shi tsaye a ƙofar direba, hannunsa a kan mariƙinta. Na tsaya da jakata ina kallonsa. Ya buɗe ƙofar, ya sunkuya, ya matso da kujerar gaba daidai tsawon ƙafata. Sannan ya zagaya ɗaya gefen ya zauna a wurin Mama, ya ajiye makullin a kan kujerata.

Daga Ibri har garin Haima da ke tsakiyar hanya bai rufe baki ba. Na yi sauri, na yi nawa, na bi rami da gangan don in karya masa baya. Kowane raƙumi sai ya nuna mini, har da waɗanda ke can nesa suna harkar gabansu. A Haima muka kwana, don na ce ba zan yi tuƙin gajiya ba. Ya ce shi a zamaninsa a zama ɗaya yake yi. Na ce shi ya sa wuyansa ya ƙage.

Bayan garin Sumrait, da muka fara gangara dutsen, hazo ya rufe mu har ba na ganin fitilar motar gabana sosai. Nauyin karafan yana turo ni ta baya. A nan ya daina tsokana. Ya ce, “Sa ƙaramar giya, 'yata. Kada ki zauna a kan birki, zai yi zafi. Bar injin ya riƙe ki.” Da wannan muryar ya sauko da ni har ƙasa. Ban taɓa jin ya kira ni 'yata ba tun ina firamare.

A filin Ittin da ke gefen Salala mutane sun cika, wurin da suka saba ajiyewa kuma matsattse ne, tsakanin tantin wasu mutanen garin Sur da tankin ruwa. Tsofaffin abokansa suka taso suna, “Abu Hilal, yau kai ne fasinja?” Na ga fuskarsa ta canza, na ce shi ke nan, yanzu zai ce in sauka. Sai ya ce musu, “Na yi direba sabuwa, tsohon ya cika surutu.” Ya buɗe karafan, ya fito da murfin tukunyar da cokalin. Tsakiyar murfin duk ta lotsa.

Ya zo tagata ya ce, “Saurara da kyau. Muddin kina jin ƙara, ki taho. Da kin ji shiru, ki tsaya cak.”

Na ce, “Baba, ai ba haka kuke yi da Mama ba. Ka juya shi.”

Ya ce, “Na sani. Mu ne muka tsara shi a baibai. Da haka muka yi tun farko, da ranar da ta yi shiru na tsaya.”

Ya tafi baya. Ina hango shi a madubi, dattijo da farar riga cikin yayyafi, yana buga murfin tukunya a gaban abokansa ba ko kunya. Na taho a hankali ina bin ƙarar, idona ya cika har ba na ganin madubin, kunne kawai nake bi. Da ya yi shiru na taka birki. Ya zagayo ya duba, ya ce ya ɗan karkace, amma shi da uwata ma ba su taɓa ajiye shi daidai ba.

Da na miƙa masa makullin, ya ce in riƙe, aljihunsa ya cika da cokali.

Ku taho kafin harif ya wuce. Akwai wurin kwana, yara za su sha ruwan kwakwa su ga duwatsu sun yi kore. Ka zo mana da dashen lemun tsami daga wajen surukinka, Baba ya ce shi zai shuka da kansa in mun koma. In ka iso kuma, kai zai sa ka gyara karkatar karafan, shi yana baya yana bugawa. Ka buɗe kunnenka, don ba ya maimaitawa.

Baba yana gaishe ku. Ga shi can yana gardama da mai gasa nama.

Yayarka mai ƙaunarka, ko da kana ba ta haushi,
Zuwaina