Inna, Wai Ke Aljana Ce

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Indo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki na nan Makka. Daga ɗakinmu na unguwar Hindawiyya nake rubuto miki.

Inna, Rijiyar Indo ta zama gari. Ƙauyen da kika bari da 'yan bukkoki, yau kwalta ta ratsa shi. Ga asibiti, ga sakandaren 'yan mata, ga famfo unguwa-unguwa, ran kasuwa ba masaka tsinke. Sani ɗan ƙanenki ke turo mini hotuna, ni kuwa in yi ta nuna wa maƙwabta kamar ni na gina.

Jiya ya turo mini jawabin taron ci gaban gari. Wani mai babbar riga ya miƙe zai ba da tarihi. Wai Indo wata aljana ce da ke cikin rijiyar, tana shayar da mutane, rana ɗaya ta ɓace. Har da tafi! Sani ya tashi ya ce ke gwaggonsa ce, aka ce ya zauna, shi ma ai bai taɓa ganinki ba. Suka yanke cewa garin Musulmi ba zai ci sunan aljana ba. Bayan babbar sallah za su canza suna, su cike rijiyar, su jera shaguna.

Aljana, Inna! Ke da na yi wa wankan gawa da hannuna.

Kina ƙulla gyaɗar da za ki kai bakin titi kike ba ni labarin rijiyar. Tafiyar rafi ce ta sa kika yi ɓari, Baba ya rantse ba za ki ƙara ba, ya kama haƙa rijiya, kina kwashe masa ƙasa da ƙwarya. Duk ruwan da kika kurɓa a garin nan sai kin taɓe baki kin ce, "In ba zamzam ba, babu kamar nawa."

Kuma ba ɓacewa kika yi ba. Hajji kuka taho a ƙasa, ta Cadi da Sudan. A gonar auduga a Sudan kika haife ni, a can muka baro kabarin Baba. Tsofaffin da suka raka ku bakin gari sun ƙare, shi ne marasa kunya suka samu bakin magana.

Na kira dagaci. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce takari ba su da ta cewa a harkar gari. A nan a kira mu takari, a can ma takari. To 'yan ina ne mu?

Kin san ba ni da iƙama, takardar izinin zama. In na fita daga ƙasar nan, babu dawowa. Zan bar jikokina, da ko sunan garin ba su iya faɗa ba sai sun karya shi da Larabci. Zan bar ki ke ma, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Ki yafe mini, Innata, amma zan tafi. Zan tsaya a bakin rijiyarki ran kasuwa, in tuɓe takalmi, kowa ya zo ya duba ko kofato gare ni.

Allah ya jiƙanki, ya jiƙan Baba, ya sa duk wanda ya taɓa kurɓar ruwan nan ladan ya iske ku. Ni kuma Allah ya kai ni kafin su zuba ƙasar farko.

'Yarki ta cikinki,
Hauwa'u Indo