Layin da Jan Biro Bai Iya Sokewa

Da sunan Allah Mai jinƙai. Ni Rabi'u, tsohon malamin sakandare mazaunin Badariya, ina rubuta wannan da cikakken hankalina, ko da yake mahaifiyarku Hajjo ta daɗe tana da ja a kan haka. Ina sanar da ku, Albashir da Ɗayyaba, da sauran al'umma, cewa daga yau na sauka daga kujerar robar nan ta gindin dogonyaro. Ba juyin mulki aka yi mini ba. Cikina ne ya kumbura har hannuwanta suna matse ni.

1. Kujerar ta Albashir ce, bisa sharaɗin ya riƙa zuwa hoton hanta duk wata shida. An auna ku, kai kaɗai aka samu da ƙwayar ciwon hantar da ke jikina. Kullum kana cewa ba inda ke maka ciwo. Ni ma ba inda ke mini ciwo sa'ad da na kai ku kallon su, bikin kamun kifi, a Argungu, ina yi wa masu gora da homa dariya.

2. Littattafaina na Ɗayyaba ne, har da takardun da na tara a kan cutar nan. Ga abin da na fahimta, don in rage miki wahala. Kowace ƙwayar halitta ta hanta tana ɗauke da rubutaccen umarni, wanda likitoci ke kira DNA. Ƙwayar cutar ba zaman baƙunta kawai take yi ba. Takan yanki guntun nata rubutun ta cusa a tsakiyar namu, kamar ɗalibin da ya saci littafin malami ya ƙara layi. Duk lokacin da hanta ta sabunta kanta, sai ta kwafe har da layin. Yawanci yakan faɗa inda ba ya ɓata komai. Wani lokaci kuwa ya faɗa kusa da umarnin da ke ce wa ƙwayar halitta ta daina hayayyafa, ya dagula shi. Daga nan ciwon daji, wato kansa, ke tasowa. Na sha maganina ban yi fashi ba, har aka daina ganin ƙwayar a jinina, na yi ta taƙama a majalisa. Magani ya hana ta yaɗuwa, kuma yana rage haɗari sosai, saboda haka Albashir, in an rubuta maka, ka sha. Amma bai goge abin da aka riga aka rubuta ba, wataƙila tun ina goye. Na ƙare rayuwata ina soke kuskuren 'ya'yan mutane da jan biro, ga layi ɗaya a cikina ya gagare ni.

3. Askar kakanmu da ke hannun ƙanena Dankure a Argungu, wadda da ita ake yi wa duk jaririn zuriyarmu askin suna. Albashir, ka ce wa baffanka askar ce ta kashe ubanka, alhali ina zaune ina shan kunu. Shi kuma ya ce, "Askar gado ta, ba ta taɓa cin kowa ba," ya daina taka gidan nan. Na tambayi likita, ta ce ba mai iya sani: ko aska ce, ko daga Inna na samu wajen haihuwa, ko a wasan ƙuruciya. Ka je ka ba shi haƙuri, ka kai shi a auna shi. Dankure kuma, don zumunci, ya rataye askar a bango. Ta yi aikinta, ta huta.

4. Albashir, cikin da matarka Hanifa ke ɗauke da shi, ba na jin zan ga abin da za ta haifa. A yi masa allurar rigakafi ranar da ya faɗo, kada a jira suna. Tsofaffi za su ce ba a fita da jariri kafin kwana bakwai. Ku gaishe su da ladabi, ku fita da shi. A yi aski da sabuwar reza. Littafinsa ne kaɗai a gidan nan da har yanzu ba wanda ya taɓa, kuma ba zan kasance nan in tsare shi ba.

5. Hajjo ta zauna a ɗakinta. Kada kowa ya ce mata ta daina kuka. Ta jure surutuna, ta cancanci ta yi nata.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya abin da za a haifa da lafiyayyar hanta. Ku riƙe juna, ku riƙe mutanen Argungu, kada a ji gida ya rabu a kan guntun ƙarfe.

Na sha gaya muku tun kuna ƙanana cewa duk abin da mutum ya karanta ya fahimta, ba zai ba shi tsoro ba. Na karanta, na fahimta. Ku soke wannan, ban yi daidai ba.